Silasha tana ta karya min noti: in sa mai tauri ko in kai a yi walda?

Manomin Giwa: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar masu tarakta da bakanikai. Satin da ya wuce na sayo silasha, injin nan na yankan ciyawa da ake ɗaura wa tarakta a baya, ta hannu mai faɗin ƙafa 5, na ɗaura wa taraktata Massey 375 don in share ƙarƙashin mangwaro, da wani fegi da na bari shekara biyu ban noma ba, gamba da sabara sun cinye shi. Daga jiya zuwa yau noti huɗu ya karye, wannan da yake haɗa farfela, sandar da take kawo juyi daga tarakta, da giyabos ɗin silashar. Wani ma tun ba a fara yanka ba, yaron da yake tuƙa min yana sakin kuloci sai ka ji ƙas. Mai walda ya ce in kawo ya liƙe wurin gaba ɗaya a huta, wani kuma ya ce in nemi notin injin mota mai tauri. Wanne ya fi? Ciyawa sai ƙara bushewa take yi, ina so in gama kafin masu farautar gafiya su fara cinna wuta.

Bakaniken Tarakta: Wa alaikumus salam. Alhaji, don girman Allah kada ka yi ko ɗaya. Wannan notin da gangan aka yi shi ya fi komai rauni a jikin injin. Aikinsa ke nan, ya karye. Kamar fis ne a wutar lantarki. Idan wuƙa ta daki kututture ko dutse ta tsaya cak, tarakta ba ta san an tsaya ba, turo ƙarfi take yi, dole wani abu ya ba da kai. In notin bai karye ba haƙoran giyabos ne za su zube, ko kuros ɗin gwiwar farfela ya fashe, ko abin ya koma cikin cikin tarakta. Ka kuma lura, 375 doki 75 ce, silasha mai ƙafa 5 kuwa yawanci tarakta mai doki 25 zuwa 40 ma tana jan ta. Taraktarka ta fi ƙarfin wannan giyabos nesa ba kusa ba, notin nan kaɗai ne ya shiga tsakaninsu. Ka ɗauki guntun wanda ya zo da ita ka duba lambar da ke kansa, ka sayi mai kauri ɗaya da lamba ɗaya, guda goma, ka zuba a akwatin sufana.

Amma noti huɗu a kwana biyu ba lafiya ba. Yaya yaron yake saka fitiyo, wato ƙarfen nan na bayan tarakta da yake juya farfela?

Manomin Giwa: Yana ba ta wuta sosai tukuna, sai ya taka kuloci ya ja liba ya saki. Ya ce in ba haka ba ciyawa za ta kashe injin.

Tsohon Direba: To ga ɓarawon nan an kama. Alhaji, wuƙaƙen nan biyu da farantin da suke jiki nauyi ne da su, suna kwance shiru, sai a fizge su lokaci ɗaya da cikakken totur, ai ko wane irin noti ne sai ya tsinke. Ka gaya wa yaron: ya tsaya a fili inda ba ciyawa, ya sauke totur ƙasa, ya taka kuloci har ƙarshe tunda irin namu hawa biyu ne, rabi yana tsayar da tafiya, ƙarshe yana tsayar da fitiyo. Ya saka liba, ya riƙa sakin ƙafa a hankali kamar mai tashi da mota cike da ƙwai. Zai ji wuƙaƙen sun buɗe sun daidaita, rawar ta ragu. Sannan ya ƙara wuta har allura ta kai inda aka yi alamar 540 a agogo, wato juyin fitiyo a minti ɗaya, sai ya shiga ciyawa da ƙaramar giya. In ya ji injin yana nishi, giya zai rage ko ya ɗauki rabin faɗin silashar, ba totur zai ƙara ba.

Sannan a tsofaffin Massey irin 135 da 165 libar fitiyo wuri uku gare ta: na inji, na tsakiya, da wanda yake bin gudun taya. Na inji ake sa wa silasha. Ku masu irin waɗannan ku kula.

Bakaniken Tarakta: Baba ya faɗi gaskiya. Alhaji in ƙara tambaya. Da ka sayo ta ka gwada tsawon farfelar da taraktarka, ko ɗaurawa kawai aka yi? Kuma da wace liba yake sauke ta, wadda yake huɗa da ita?

Manomin Giwa: Ɗaurawa kawai muka yi, da ƙyar ma ta shiga sai da muka sauke silashar ƙasa. Liba kuwa yadda muke yi da garma haka yake yi. Ga fil ɗin gefe ma suna ta lilo a cikin hannayen tarakta.

Bakaniken Tarakta: Subhanallahi. To a tsayar da aiki yau, abu uku ne a nan kuma kowanne yana iya jawo asara.

Farfelar nan bututu biyu ce, ɗaya yana shiga cikin ɗaya, tana miƙewa tana tsukewa yayin da silasha take hawa da sauka. An yanka ta ne daidai da taraktar mai ita na farko. In ta yi wa taka tsawo, ranar da ka ɗaga ko ka faɗa ɗan kwari bututun ya ƙure ba wurin tsukewa, sai ya tokare. Haidurolik ba ya jin tausayi, zai tura ta cikin boris ɗin fitiyo ko ya tsaga murfin giyabos. Ga yadda nake yi. In ɗaura silasha ba tare da farfela ba, in ɗaga in sauke har in ga inda bakin fitiyo da bakin giyabos suka fi kusa da juna, yawanci lokacin da suka yi saiti ne. In kashe inji in tokare ta a nan. In raba farfelar biyu, in sa kowane ɓari a mazauninsa, in jera su gefe da gefe in yi alama da alli, in bar sararin inci 1 zuwa 2. Abin da na yanke a wannan bututu shi zan yanke a wancan, haka ma robar da ta rufe su. In goge bakin da magagari, in share garin ƙarfen, in shafa giris. Kada kuma zarto ya yi maka daɗi: a inda ta fi miƙewa, aƙalla kashi ɗaya cikin uku na bututun ya rage a cikin ɗan'uwansa. In ta zare tana juyawa, bulalar ƙarfe ce a bayan direba.

Fil da suke lilo kuwa, silasharka 'yar aji na ɗaya ce, fil ɗinta milimita 22, ramin hannun 375 kuma na aji na biyu ne, milimita 28. Akwai bushin da ake sakawa ya cike gibin, na sama ma haka, 19 da 25. Ba tsada. Ka kuma sa makullin fil na gaskiya, ba ƙusa ko waya ba.

Sai liba. Ta huɗa tana jin nauyin ƙasa ne, ta ɗaga ta sauke da kanta. Silasha ba ta son haka. Ka mayar da ita can sama ka bar ta, ka yi aiki da ɗayar, mai tsayar da kaya a inda ka ajiye shi, ka ɗaure ɗan maƙalin nan a wurin don kullum ta dawo tsayi ɗaya. Ina kyautata zaton wuƙarka tana ta cin ƙasa.

Ɗan Fadama: Oga Allah ya saka da alheri, na ƙaru. Ni tawa tana barin ciyawa layi-layi a baya, kuma gas take sha kamar ana haro. Mene ne?

Malamin Gona: Ɗan Fadama, saiti ne. Kai ta wuri mai shafe, ka kashe inji, ka auna gefen dama da na hagu da tef, ka juya hannun nan na dama mai zare har su zo ɗaya. Sannan gaban ya fi bayan sauka kaɗan, rabin inci zuwa inci ɗaya. In bayan ne ya fi sauka, wuƙa za ta yanki ciyawa a gaba ta sake yankarta a baya, aiki biyu gas biyu. Tsayin baya da 'yar tayar nan ake gyara shi, na gaba da liba. Sandar sama kuma kada a ɗaure ta tamau, a bar mata wasa, shi ya sa wasu suke zuwa da sarƙa ko ɗan ƙarfe mai lilo a wurin. In ta yi tsauri, da tayoyin gaba sun hau tudu nauyin duka sai ya koma kan 'yar tayar baya, firam ya lanƙwashe. A gonar da aka taɓa yi wa kunya kamar ta Alhaji, ni ba na sauke ta ƙasa da inci 5 ko 6 a zagayen farko.

Amma jama'a, tun ɗazu ƙarfe muke ta ceto. Alhaji, farfelar tana da rigarta ta roba? Akwai sarƙoƙin nan da suke rataye a gaba da bayan silashar?

Manomin Giwa: Robar ta fashe, rabi ne ya rage, yaron ya ce zai cire ragowar. Sarƙa ta baya tana nan, ta gaba babu.

Matashin Direba: Gaskiya Malam a bar zancen robar nan. Shekarata shida ina tuƙi, ban taɓa ganin wanda ya bar ta ba. Hana mutum sa giris take yi, ciyawa tana taruwa a ciki, kuma in ta fashe ina za ka samu wata a ƙauye? Mutum dai ya kula kawai. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa.

Tsohon Direba: Yaro na, zan gaya maka abin da na gani da idona, ba labari aka ba ni ba. Muna aiki a wata gona, ina kan kujera, yaron da yake taimaka min ya ga igiya ta naɗe a jikin farfela. Bai yi min magana ba, ya zagayo ta baya ya miƙa hannu. Rigar sanyi ce a jikinsa mai dogon hannu, safiya ce ta hunturu. Ni dai ƙara na ji kamar an yaga buhu, injin ya yi nishi sau ɗaya. Kafin ƙafata ta kai ƙarshen kuloci an gama. Allah ya sa rigar tsohuwa ce ta yage, amma hannun ya karye wuri uku, fatar ta saɓule tun daga gwiwar hannu. Na ɗauke shi a kafaɗa har bakin titi, jininsa ya jiƙa min baya. Yana raye, yana da iyali yanzu, amma hannun bai ƙara riƙe fartanya ba. Yaron nan ba sakarai ba ne, ya fi ni natsuwa. Farfelar tsirara take, kuma ni na cire robar da hannuna saboda wannan giris ɗin da kake faɗa. Har yau in na gan shi a kasuwa gabana yana faɗuwa.

Shugaban Zaure: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ƙara masa lafiya, Baba. Allah ya kiyaye gaba.

Malamin Gona: Amin. Ƙanena Direba, mu yi lissafi tare. Juyi 540 a minti ɗaya, raba da 60, juyi 9 ke nan a daƙiƙa ɗaya. Ƙarfe mai kaurin inci 3, zagayensa ya kusa santimita 24. Sau 9, ya haura mita 2 na yadi a daƙiƙa guda. Kafin ka ce wayyo ya naɗe hannun riga har kafaɗa. Wace kula ce za ta riga wannan? Kuma ka dubi suturarmu: kaftani, babbar riga, rawani, jelar mazagi, mayafin matar da ta kawo abinci. Waɗanda suka ƙera injin da gajeren kaya suke aiki, duk da haka suka rufe ta. Mu ne muka fi kowa buƙatar murfin. Kuma robar tana da ɗan rami daidai bakin giris, in an juya ta za a gan shi. Ƙaramar sarƙar da ke jikinta a maƙala ta a jikin tarakta, don ƙarfen ya juya a ciki robar tana tsaye. Batun ƙaddara kuwa mun yi imani, amma mu aka ce mu ɗaure raƙumi sannan mu dogara ga Allah.

Matashin Direba: Allah ya ba da haƙuri Baba, ban san haka ta faru da kai ba. Amma a faɗa wa masu tarakta su ma. Mu da eka ake biyanmu. Ka ce wa mai gida roba ta fashe ya ce ai injin yana juyawa. Ka tsaya zagaya gona kana tsintar dutse ya bugo waya ya ce ka yini ba ka yi komai ba. In ka ƙi, gobe wani ne a kan kujerar.

Hajiya Mai Lambu: Wannan yaron ya faɗi gaskiya, kuma mu masu gona ya kamata mu ji. Ni ma da haka nake, sai na ga aya. Na ɗauki hayar silasha ta share min bayan lambu. Akwai wani guntun rodi da aka taɓa kafawa ana ɗaure akuya, ciyawa ta rufe shi, kowa ya manta. Muna zaune a gindin dalbejiya da jikokina biyu, a ganina mun yi nisa. Sai muka ji tau a kan kwanon ɗakin mai gadi da ke bayanmu. Da muka je, rodin ya huda kwanon ya faɗa kan tabarma, da zafinsa, ya lanƙwashe kamar ƙugiya. Ta saman kanmu ya wuce. Na auna daga baya, taku hamsin da wani abu ne daga inda taraktar take. Ranar ban iya cin abinci ba. Tun daga nan duk wanda zai yi min wannan aiki, da sassafe nake tura yara uku su bi gonar layi-layi da sanda, su kwashe dutse da waya da kwalba da turke, su kafa kara mai jar leda a kan kowane kututture da suri da dutsen iyaka. Kuɗinsu daban nake biya, ba na cirewa a na direba. In an tayar da inji kuma kowa ya fita, har ni.

Bakaniken Tarakta: Hajiya Allah ya tsare. Bakin wuƙar nan gudunsa ya haura kilomita 200 a awa, abin da ta ɗauka harsashi ne. Masu ƙera ta da kansu suna gargaɗin a tsayar da aiki in mutum ya matso kusa da ƙafa 300, wato wajen mita 90. Faɗin filin ƙwallo bai kai haka ba. Alhaji, sarƙar gaban nan ka sa a yi maka, a nan ne mai waldarka zai yi amfani: guntayen sarƙa mai kauri a jere kusa da kusa, su sauko har kusan ƙasa. Ta gaba ita take kare bayan direba da tayoyi. Tana rage abin da yake fitowa, ba ta hana shi duka, don haka ba ta ɗauke wa kowa yin nisa ba.

Ɗan Fadama: Matsalarmu yara ne wallahi. Da sun ji ƙarar tarakta sun fito, suna bin baya suna kamun fara da ɓera, balbela a sama su a ƙasa. Ka kore su ta nan su ɓullo ta can.

Tsohon Direba: Sai an sa babba a bakin gona, ba yaro ɗan'uwansu ba. Ni nakan je wurin mai unguwa tun daren jiya in ce a ja wa yara kunne, kuma nakan zaɓi lokacin da suke makaranta. In makiyayi ya doso da shanu in kashe fitiyo in jira ya wuce. Kuma kada a ɗauki kowa a kan madogarar taya. Wanda ya faɗo daga nan silasha ce take bin bayansa.

Wani abu da sababbi ba su sani ba: in ka kashe fitiyo wuƙa ba ta tsaya ba, tana ci gaba da juyi shiru. Sauke ta ƙasa, ja birki, kashe inji, zare makulli ka sa a aljihu, ka zauna sai kunnenka ya daina jin komai. In za ka shiga ƙarƙashi cire waya, kada ka yarda da haidurolik ko na minti ɗaya, ka tokare da gungumen itace mai ƙwari ta kusurwa huɗu. Bulon siminti yana fashewa.

Manomin Giwa: Jikina ya yi sanyi wallahi. Jiya ɗana ƙarami a kan madogarar tayar ya yini. Oga, wuƙaƙen fa? Ɗaya ta ɗan lanƙwashe, bakinsu duk ya dakushe.

Bakaniken Tarakta: Wadda ta lanƙwashe a jefar, kada a gasa ta a miƙe, kada a yi mata walda. Ƙarfen ya riga ya gaji, wuta kuma tana kashe taurinsa, wata rana rabinta zai tashi. A canza biyun tare don nauyinsu ya zo ɗaya, in ba haka ba rawa za ta cinye boris da sil. A duba manyan notin da suke riƙe su, in sun ci a canza. Wasawa kuma ba irin ta wuƙar fawa ba, a bar bakin da ɗan kauri. Mai kaifi sosai tana yanke sabara ta bar tsini kamar mashi, ya huda maka taya, mai ɗan dakushi kuwa farfasa kan take yi. Itacen da ya fi kaurin inci 1 zuwa 2 a sa masa gatari, ƙaramar silasha ba ta shi ba ce. Ka buɗe notin gefen giyabos tana zaune daidai, mai ya kai bakin ramin, man giya lamba 90. In ka ga ya yi fari kamar madara ruwa ya shiga, a zubar a sake.

Malamin Gona: Alhaji, kan wutar da ka ambata da farko. Ciyawar da aka yanka aka bari tana rufe ƙasa, tana riƙe laima, gara ta mayar da ita taki, ta fi ƙonawa nesa. Amma busasshiya ce, in wuta ta shigo za ta ci. Bayan ka gama ka bi iyakar gonar da haro ka fito da jar ƙasa zagaye, ka kuma janye ciyawar daga gindin kowane mangwaro. Direba ya riƙa tsayawa yana share ragar lagireto, ƙaiƙayin gamba yana toshe ta inji ya yi zafi, ya kuma kakkaɓe wanda ya taru kusa da salansa da kan silashar. Wuƙa in ta daki dutse tana ba da tartsatsi, gara a yi aikin da safe kafin iska ta tashi, da jarkar ruwa a kusa.

Matashin Direba: A gangare kuma a hau a sauko, kada a bi ta gefe. Wannan kam na yarda da shi, na taɓa jin taya ɗaya ta bar ƙasa. Robar ma in mai gida ya saya zan bar ta.

Manomin Giwa: Salam jama'a, na dawo bayan kwana uku. Mun auna farfelar kamar yadda Oga ya ce, ta yi tsawo da kusan inci 3, har bakin bututun ya fara naɗewa saboda tokara. An yanke, na sa aka kawo min sabuwar roba da bushin da wuƙaƙe biyu daga Kano, an yi sarƙar gaba. Yara sun bi fegin, abin da suka tara ya cika baro biyu, har da tsohon bakin garma da wata doguwar wayar shinge. Jiya mun yi eka huɗu, noti ɗaya ne ya karye, a kan wani kututturen kalgo da ba mu gani ba, na canza shi cikin minti biyar. Direban na ce masa kuɗin yini zan ba shi a wannan aikin, ba na eka ba. Ɗana kuma yana gida yana fushi da ni. Abu ɗaya, Oga: na ga ɗan mai yana tsattsafowa ta ƙarƙashin giyabos, wajen farantin.

Bakaniken Tarakta: Sil ɗin ƙasa ne, wataƙila waya ko igiya ta taɓa naɗewa a wurin ta yanke shi. Ka tokare ta da kyau ka leƙa da tocila, in akwai abin da ya naɗe ka cire. Kullum da safe ka duba mai ka cika kafin a tayar, in an yi awa ɗaya a kashe komai ka kai bayan hannu kusa da murfin, in zafin ya wuce misali a tsaya. Zubar in ta ƙaru kada ka jira, ka cire giyabos ɗin ka kawo ranar kasuwa, ka taho da tsohon sil ɗin in ya fita don a gwada lamba.